Baƙin da Na Kawo wa Yakuwata

Juma'a, 6 ga Disamba, 2024

Bizar matata Safiya ta fito! Ina ganin saƙon na buga ihu, Mashud abokin ɗakina, ɗan Gana, ya zabura ya kifar da shayi a kan kakinsa na gadi. Za ta zo ziyara ƙarshen Fabrairu, gab da azumi. 'Yarmu Fausiya za ta zauna wurin Inna. Tun da na zo Doha nake tuƙa motar kamfanin fulawa da tsirrai na ado, matar nan ba ta san inda nake kwana ba sai ta gilashin waya.

Amma bakina ya ja min. Tana ta tsokanata wai manomin Malumfashi ya koma ɗan dakon fulawar Larabawa. Zuciya ta ɗebe ni, na ce wallahi ranar da ta sauka faten tsaki za ta sha da yakuwar gonata, ta nan Qatar. Ta ce, "To Baban Fausiya, tsaki kawai zan riƙo. Ko ganye ɗaya ba zan saka a jaka ba, mu gani." Inna tana gefe, ta ce ita ce shaida.

Gonar dai tsofaffin bokitan fenti ne a saman benenmu na unguwar Mansura, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Ruwan alwalarmu nake tarawa ina ba su. Yakuwar ta kai gwiwa, kore shar. Rantsuwa ce na riga na yi, amma yau ko a jikina, daɗi kawai nake ji.

Litinin, 9 ga Disamba

Darɓa! Ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye. Na juya ganye na gan su cunkus a ƙasa, ganyen ya fara nannaɗewa yana danƙo. Ta ina suka hawo bene, don Allah? Maganin feshin kamfani kam ba zan zuba wa abin da Safiya za ta ci ba. Muttaka, ɗan garinmu da ke tura baro a kasuwar Souq Waqif, ya samo min toka wurin masu gasa nama. Na barbaɗa. Iska ta kwashe ta kai wa wankin mutane.

Laraba, 11 ga Disamba

Allah mai yadda ya so.

Yau muka sauke kwantenar tsirrai daga Turai, irin mai sanyin nan. Ina jawo katakon ƙarshe sai na ga wani abu ja a lungu, dunƙule guda. Ƙwarin nan ne masu zagayayyen baya da ɗigo-ɗigon baƙi, waɗanda muke gani a gonar wake a gida, muna yara mu ɗora a yatsa mu jira su tashi. Amma waɗannan manya ne, ƙosassu, wasu ja, wasu ruwan lemo, sanyi ya sa sun yi lamo. Na tuna Baba yana cewa kada mu kashe su, darɓa suke ci.

Na waiwaya, ba mai kallona. Na share su cikin robar ruwa, na huda murfin da ƙusa. A jirgin ƙasa na rungume robar cikin riga har tashar Mansura, wani ɗan Indiya yana ta kallona kamar na sato zinariya.

Na zazzage su a kan yakuwa bayan la'asar. Bismillah, ga abinci nan.

Asabar, 14 ga Disamba

Kai! Kai! Waɗannan ba sa wasa. Na zauna a kan bulo ina kallon ɗaya, ya kama darɓa ya cinye, ya kama wata, ko numfashi ba ya yi. Mashud ya hawo da burodi a hannu ya ce, "Chale, waɗannan sojoji ne paa." Shi ke nan suna ya bi su. Sojojin Dikko.

Alhamis, 19 ga Disamba

Ƙwai rawaya a jere a ƙasan ganye. Sojojina sun yi aure ba su gayyace ni ba.

Juma'a, 27 ga Disamba

Ƙwan sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su yi kama da iyayen ba ko kaɗan, baƙaƙe ne dogaye masu ƙaya-ƙaya da layin lemo a gefe, munana na gaske. Amma sun fi iyayen ci. Yakuwa ta miƙe, sabon toho fes, babu danƙo. Na nuna wa Safiya a waya, ta ce, "Wannan ba gonar wani ka shiga ba?" Na juya mata kyamara ta ga singiletina a igiya. Ta yi dariya har Fausiya ta ƙwace wayar.

Bayan masallaci na sauka wurin Mma Sanatu. Ita ce 'yar Gana da ke ƙasan bene da mijinta, tana dafa mana shinkafa da wake irin tasu duk Juma'a, a tsakar gidan da tsohuwar magarya take. Tana da kuɓewa a buhuna da yakuwa, su sure suke ce mata. Na kai mata sojoji a roba. Abin alheri ya shigo hannuna, in ci ni kaɗai? Ba haka aka rene mu ba.

Ta leƙa ta ce, "Ɗana, ai muna da namu a magarya. Ƙanana. Kowane sanyi suna zuwa." Ta nuna min ɗaya a reshe, ɗan mitsitsi, bai kai rabin nawa ba, yana tafiya kamar bai karya ba. Na ce Mma, waɗannan ragwaye ne, karɓi na Turai ki ga aiki. Ta karɓa da hannu biyu ta sa min albarka.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Labari ya bazu. Na kai wa Muttaka don attaruhunsa na taga. Na kai wa mutanen Mashud da ke bayan masallaci, na kai wa wasu direbobi a layin baya. Duk wanda yake da ko tukunyar na'ana'a ɗaya ya samu rabonsa. Yanzu in na shiga shagon shayi sai a ce ga Sarkin Noma. Ina cewa su bari, amma gaskiya ba na so su bari.

Talata, 14 ga Janairu

Ɗaya ya cije ni a wuya. Na kama shi, ya bar min wani ruwa rawaya mai wari a yatsa. Na ce ba komai, soja ai sai da fushi. Mashud kuma ya tsinci uku a cikin takalmin aikinsa, ya ce in gaya wa yarana Mushairib, inda yake gadi, ba ta ɗaukar ma'aikata ba katin shaida.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yau abinci bai wuce min da daɗi ba.

Zuwera ta zo, 'yar ƙanwar Mma Sanatu. Ta karanta noma a Tamale, tana aiki a wata gonar rumfar leda can arewacin Qatar, sai jefi-jefi take leƙowa. Muna ci a ƙarƙashin magarya Mma ta ce abin mamaki, ƙananan nata sun ɓace, ta duba ta duba ba ta ga ko ɗaya ba. Na ce ai kunya suka ji, sun ga manya. Kowa ya yi dariya ban da Zuwera. Ta ajiye cokali ta ce in nuna mata.

Ta ɗora ɗaya a tafin hannu ta daɗe tana kallon bayan kansa. Ta tambaye ni inda na samo su, na faɗa mata, har da alfahari. Ta ce, "Yaya Dikko, mutum nawa ka ba?"

Abin da na riƙe cikin bayaninta: asalin irin nan daga gabashin Asiya yake. Mutane ne suka kai su ƙasashe don su ci darɓa, kamar yadda na yi, suka fi ƙarfin kowa. In darɓa ta ƙare ba sa zama da yunwa, ƙwai da 'ya'yan 'yan uwansu na gida suke bi su cinye, da na wasu ƙwarin masu amfani. A Turai, inda suka yi yawa, wasu na gidan sun ja baya sosai. Ta ce a tattara su duka, iyaye da 'ya'ya da ƙwai, tun ba su wuce layi biyu na unguwa ba.

Na ce ƙwaro ai ƙwaro ne. Na ce zafin garin nan in ya zo ko jaki ba ya bari, balle su. Ta ce wataƙila, amma kafin zafi fa? Kuma bene cike yake da ɗakuna masu sanyi.

Na ce saura wata guda Safiya ta zo. Ta ce ta sani.

Mma ta ƙara min nama kawai. Wannan ya fi yi min ciwo.

Asabar, 25 ga Janairu

Yarinya ta yi boko tana so ta koya min noma. Ni da na riƙe fartanya kafin a haife ta.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na sauka da sassafe kafin mota, wai in nuna wa kaina ƙarya ne. Na bi rassan magarya na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A kan wani toho na ga ɗan sojana, baƙin nan mai ƙaya, ya danne wata 'yar tsutsa mai ruwan toka, ƙarama, irin ta na gidan. Tana motsi yana ci. Na tsaya har ya gama.

Ga darɓa nan kusa da shi fa, bai ko kalle ta ba.

Duk yinin yau ina tuƙi ina jin haushi, ban san na wa ba. Magaryar nan ta girmi benen, ƙananan nan suna zuwa mata tun kafin a san za a yi wani Dikko. Ni na zo da roba a cikin riga.

Talata, 28 ga Janairu

Na fara da gonata. Ni da Mashud da robobi da tsohon buroshin haƙori, muna sharo su. Ganyen da ke da ƙwai a tsinke. Ina yi ina ba su haƙuri a zuci, don wallahi sun yi min aiki, ba su ci amanata ba, halinsu ne kawai. Zuwera ta ce a kai mata, za ta saka a firizar wurin aikinsu, sanyi ya ɗauke su cikin barci. Ban tambayi sauran ba.

Na gaya wa ogana abin da na gani a kwantena da abin da na yi. Ya dafe kai, ya ce zai sanar da masu duba tsirrai, ya ce khalas, wato shi ke nan, gaba in na ga ko tururuwa ce in kira shi.

Mai wuyar yana gaba. Sai na bi gida-gida na karɓo abin da na bayar da hannuna.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba. Tun muna yara, wanda ya yi kyauta ya dawo ya ce a ba shi abinsa, har waƙa ake yi masa a unguwa. Ga ni da gemuna ina sallama a ƙofar mutane da roba a hannu. Na sayi dabino ina miƙawa kafin in buɗe baki. Mashud yana bayana, maimakon ya taimaka sai ya ce, "Sarkin Noma ya zo kwashe sojojinsa, yaƙi ya ƙare." Mutanen Gana dai dariya suka yi ta yi, suka kama mana, har da matansu da tsintsiya.

Muttaka ne ya ƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Dikko, a gidanku aka koya maka haka? Ka ba ni abu a gaban mutane, na yi godiya, yanzu ka zo karɓa?" Na yi bayani, ya ce shi bai san wata magarya ba, attaruhunsa ya sani. Ko dabinon bai karɓa ba.

Da ni ne shi, abin da zan faɗa ke nan.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Darɓa ta dawo, kamar tana laɓe a bayan tanki tana jira. Ruwan sabulu da yatsa, safe da yamma, haka Zuwera ta ce. Yatsuna sun yi kore.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ina wanke ganye da yamma sai ga Muttaka ya hawo, yana haki, da kwalbar zuma a hannu. Ya naɗe ta da takardar kyauta mai ƙyalli irin ta Souq, har da ɗaurin zare. Ashe Mma Sanatu ta kira shi cin tuwo jiya, ban san me ta gaya masa ba.

Ya miƙo min da hannu biyu, fuska a murtuke. "Ka ji da kyau. Ba karɓewa ka yi ba. Naka na nan a wurina, na gode. Waɗannan nawa ne, a tagata aka haife su, ni na ba ka kyauta."

Na karɓa da hannu biyu na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara arziki. Ya ce amin. Muka kalli juna, sai dariya, har na zauna a kan bokiti na kusa karya yakuwa. Ya ce ya duba kowane ganye da fitilar waya, ko ƙwai bai bari ba, kuma in na faɗa a Malumfashi cewa ya yi kiwon ƙwaro sai ya ƙaryata ni.

Yau na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Talata, 11 ga Fabrairu

Bokiti huɗu sun tafi, ganye ya murɗe ya yi baƙi. Safiya ta ce in nuna mata gona, na ce waya ba caji.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Zuwera ta zo mun sake zagaya layin. Biyu muka samu, a bayan tankin maƙwabta. Ta ce ba za ta rantse cewa babu wanda ya tashi ya yi nisa ba, sai dai a ci gaba da dubawa. Ta kalli gonata ta ce, "Yaya, sannu." Na ce ba komai, da ma na gaji da yakuwa. Ta san ƙarya nake yi.

Mashud ya kwashe katifarsa zuwa wurin mutanensa, ya bar mana ɗakin. Ya goge madubi, abin da bai taɓa yi ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ta sauka! Ta sauka lafiya!

Na hango ta tana turo kaya da mayafin nan ruwan goro, duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Ya hanya?" kamar wadda ta dawo daga Funtuwa. Ta ce, "Ka rame." A jirgin ƙasa ta riƙe hannun rigata tana mamakin wai ba direba. Muna shiga ɗaki ta buɗe jaka ta ciro ƙullin tsaki ta ajiye a gabana.

Na hau sama. Abin da na iya tsinkowa mai kyau bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. Na tsaya a matakala ina tunanin yadda zan fara bayani, sai ga Mma Sanatu tana hawowa da kwano cike da surenta, Muttaka a bayanta da attaruhu a leda. Mma ta ce a zuba nawa a tukunya tukuna, shi kaɗai, ya tafasa, rantsuwa ta cika. Sannan nata ya bi a matsayin gudummawa.

Haka aka yi. Aka kira Inna a waya ta ga ganyena yana shiga. Muka sha a ƙarƙashin magarya, mu duka, Mashud ya ƙara har sau uku yana cewa bai saba da abincin Najeriya ba. Su suka ba Safiya labarin sojoji, kowa da ƙarin gishirinsa, ta yi dariya har da hawaye. Ta ɗebo cokali ta ce, "To wanne ne naka a ciki?" Na ce mai tsamin.

Ban tuna ranar da na ƙoshi irin yau ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Safiya ta karɓe gonar, wai ba na iya ba. Kafin in dawo aiki ta tuge matattun, ta wanke sauran, ta jera bokitai kamar kwanukan ɗakinta. Na tarar ta nufi na ƙarshe, na can gefen katanga wanda reshen magarya ke leƙowa kansa. Darɓa ta cika shi. Na ce ta bar wannan.

Ta ce shi ya fi kowanne ƙazanta. Na ce na sani, a bar shi dai. Ta ce don me? Na ce sabulu ya kusa ƙarewa. Ta kalli sabon sandan sabulun da ke hannunta, ta kalli reshen, ta kalle ni. Ta ajiye kofin ruwan a hankali.

"Sun dawo ne?"

Na ce su wa, ni ban san zancen da take yi ba.

Ba wai jiran wani nake yi ba. In mutum ya wanke ko'ina tas, wanda ya zo da yunwa me zai tarar, shi ke nan. Shekaranjiya kamar na ga wani ɗan mitsitsi irin na magarya a bakin bokitin, yana tafiyarsa ta ragwaye, amma rana tana idona, ba zan rantse ba. Na daina rantsuwa.

Na ja bulo na zauna kusa da bokitin, don ƙafata tana ciwo. Ta zo ta zauna a gefena, ta juya ganye ɗaya ta duba ƙasansa, ta juya na biyu. Har aka kira magariba ba wanda ya tashi.